Ruwan randa da digiri 38

Laraba, Damagaram.

Yau na wanke fim biyu na Kodak Gold 200, hotunan da na ɗauka a lungunan Birni da ƙofar fadar Sarki. Takardar maganin wankin fim ta Turawa ce, duk bayaninta a kan yadda za a ɗumama ruwa ne. Mu kuwa a bazarar nan, jarkar da mai ga-ruwa ya sauke mini da azahar sai da ma'aunin zafi ya nuna 42. Aikina sanyayawa ne.

Tsarin C-41 na wanke fim mai launi, wanda Kodak ya fito da shi a 1972, yana son maganin farko ya tsaya a digiri 37.8, minti 3 da daƙiƙa 15. Sassaucin da kamfanin ya bayar bai kai kwatan digiri ba. Dalili kuwa fim mai launi hawa uku ne a jere: na sama yana kama shuɗi, na tsakiya kore, na ƙasa ja. Idan zafin ya kauce, hawa ukun ba sa nuna tare, sai inuwa ta karkata wani launi, haske ya karkata wani. Ka gyara farar rigar mutum a kwamfuta, fuskarsa ta ɓaci. A ganina rabin digiri ba ya kashe hoto, amma biyu kam, ido zai gani.

Na jera kwalaben maganin da tankin da ake wanke fim a ciki a baho, ina ɗebo ruwan randa da moɗa ina tsiyayawa kaɗan-kaɗan ina juyawa. Inna ta leƙo ta ce, "Kai yaro, wankan jariri za ka yi?" Na ce, "Inna, wannan ya fi jariri fitina." Ma'aunin dai a cikin kwalbar maganin ake tsoma shi, don baho yakan riga kwalba sauka.

Inda zafin garin nan ya yi mini rana shi ne bayan an daidaita. Ɗakin da kansa yana wajen 38, don haka har na juye maganin, allurar ma'aunin ba ta motsa ba. Da hunturu ne, da tuni ta zame.

Magunguna na baya da ɗauraya ba su da wannan tsanani, ƴan digiri sama ko ƙasa ba komai. Na shanya fim a banɗaki, na rufe taga saboda ƙura.

Sauran maganin na matse iskar kwalbar na sa a firiji, tunda zafi yana saurin kashe shi. In kuran, wato wutar lantarki, ya zauna, Juma'a sai na wanke na Kasuwar Dole.