Laraba: ni da Baba Habu da batirin kwamfuta

Yau ma kwamfutar shago ta tashi a 1 ga Janairun 2009. Sai an danna maɓallin F1 take shiga, in ta shiga kuma intanet ya ƙi buɗewa, wai agogonmu ya yi baya. Abba ya gyara kwanan wata da hannu, aka ɗauke wuta aka kawo, ta koma gidan jiya.

Bayan azahar Baba Habu mai gyara ya leƙo. Ko murfinta bai buɗe ba ya ce, "Bod ɗin ne ya gaji, ɗana, babban allon nan na cikinta. Ka kawo kuɗi in nemo maka wani a Beirut Road."

Na ce, "Baba, anya ba ɗan batirin nan na ciki ba ne, mai riƙe agogo in an kashe ta?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, injiniya. Tun kana rarrafe nake kwance wa mahaifinka rediyo."

Abba ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na ce Allah ya huci zuciyar Baba.

Da la'asar na hau adaidaita zuwa Farm Centre. Na sayo batirin, sunansa CR2032, volt 3, kamar sulalla, kuɗinsa bai kai na motar da na biya ba. Da na dawo shago muka zare waya daga soket, na taɓa ƙarfen akwatin saboda lantarkin jiki, muka buɗe. Ƙura kam, ba a magana, Abba sai atishawa. Na tura ɗan maƙalin ƙarfen da farce, tsohon ya yi tsalle ya fito, na danna sabon, gefen da ke da alamar + yana sama. Muka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga tana cikin tashi, muka saita rana da lokaci, muka danna F10 don adanawa. Na zare wuta na mayar don gwaji. Daram.

Har na yi wa Abba alkawarin tsire.

Amma tun magariba raina ba daɗi. Baba Habu ba macuci ba ne, kowa a layinmu shaida ne. To me ya sa ya ce bod? Ko idon ne, ko kuwa aikin ne ya yi ƙasa har yake neman na cefane ta wannan hanya? Kwanan nan yaran unguwa duk waya suke kai wa gyara, ba mai kawo masa komai.

Ummi ta ce in ba shi firintar nan da ke cin takarda ya duba, in biya shi da kyau, kada in tayar da zancen batiri. Na ja wa Abba kunne shi ma.

Tsiren sai gobe.