Madannai biyun da ke bayan sitiyari

Yawancinmu da ke tuƙa masu gida a Legas a kan mota mai kuloci muka koyi tuƙi, shi ya sa idan aka ba mu otomatik sai mu jefa giya a D mu manta da ita. 'Yan madannan nan biyu da ke maƙale a bayan sitiyari, na dama mai alamar ƙari na hawa giya, na hagu mai alamar ragi na sauke giya, da yawanmu ado muke ɗaukarsu. Wani dattijon direba a Agege ne ya fara nuna min amfaninsu. Ya ce, "Ƙanena, motar nan tana da ƙwaƙwalwa amma ba ta da ido. Kai ke ganin abin da ke gabanka."

A hanyar Ibadan na fi gane maganarsa. Kana bayan tirela bayan an wuce Berger, motarka tana kwance a giya ta sama don tsimin mai. Idan ka fito ka danne totur, sai ta yi ɗan jim kafin ta sauke giya ta zabura, kuma wannan ɗan jim ɗin a gefen tirela ba abin wasa ba ne. Yanzu tun ina bayanta nake jan na hagu sau biyu, allurar injin ta tashi, in duba madubi, sannan in fito da ƙarfina a ƙafa. Alhaji yana baya yana waya, ko ɗago kai ba ya yi.

Haka a gangaren gadar Otedola. Da na sauke giya, injin da kansa yake riƙe motar, birki ya huta bai yi zafi ba. Da damina kuma, idan ruwa ya kwanta a titunan Lekki amma bai kai na juyawa ba, giya ta ɗaya nake riƙewa in ratsa a hankali, ƙafa ba ta ɗagawa.

Daga motocin tsere abin ya samo asali, Ferrari ce ta shigo da shi a 1989, kuma ina ganin shi ya sa samari suke ta finciko su a gadar Third Mainland don injin ya yi kuka. Ɓarnar mai ce kawai. A gosulon Ojota ma ba na taɓa su, motar ta fi ni iya wannan.

Masu tsoron kada su fasa injin su kwantar da hankali: idan gudun ya fi ƙarfin giyar da ka nema, kwamfutar motar ƙin saukewa take yi. Abin lura shi ne a motoci da yawa, idan kana D ka ja madannin, bayan ɗan lokaci motar za ta karɓe ragamarta. Idan kana son giyar ta zauna inda ka ajiye ta har ka gama gangare, sai ka fara mai da sandar giya S ko M, gwargwadon abin da motarka take da shi.