Jan biro

Ranar Asabar na miƙa makullin sito, na ninke rigar agaji na ajiye, bayan shekara takwas ina riƙe da littafin sunaye. Waɗanda muka yi aiki tare ba sai na ba su labarin sammako da jiran Keke Napep da bin shingayen sojoji ba, kowa ya sha. Wasu ƙannena a ƙungiya ne suka ce in rubuta musu abin da na koya kafin in tafi. Na zauna da niyyar in jera musu goma, sai na tarar guda ɗaya ya danne sauran.

Azumin 2017 ne, wanda ya kama a ƙarshen watan Mayu, lokacin da ranar Maiduguri take dafa mutum a tsaye. Mun tara zakka da sadaka daga 'yan kasuwa da wasu bayin Allah na nesa, aka haɗa kaso ɗari uku: gero, shinkafa, sukari, kwalbar man gyaɗa. Za a raba wa 'yan gudun hijira a wajen Muna, kan hanyar Dikwa, galibinsu mutanen Mafa da Dikwa da Marte. A rabon da ya gabata an kama wasu da kati bibbiyu, ran Shugaba ya ɓaci, ya kira ni gaban kowa ya ce, "Malam Sakatare, daga yau duk sunan da ya fito sau biyu, daga aljihunka za a cire." Ni kuwa a lokacin aljihun ko kuɗin sahur ba ya riƙewa.

Daren jajibirin rabo na zauna da fitilar waya ina bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Lamba 41 da lamba 188: suna ɗaya, sunan uba ɗaya, gari ɗaya. Har wani daɗi na ji, irin na wanda ya kama ɓarawo da hannu cikin tukunya. Na ɗauki jan biro na ja layi a kan 188. Duk wanda ya zauna Borno ya san in ka kira Falmata ko Yagana a layi, mace goma za su waigo, in ka kira Modu rabin maza za su amsa. Na san wannan sarai. Tsoron aljihuna ne ya mantar da ni.

Muna ta sha 'yan ƙunar baƙin wake a waɗannan shekarun, saboda haka taro abin tsoro ne. 'Yan gora, matasan sa-kai masu taya sojoji tsaro, suna bincike a baki, an ce mana mu gama kafin ƙarfe sha ɗaya, kada a bar mata su cunkushe wuri ɗaya. Kowa a ƙage yake, ga ƙishirwa. Cikin haka wata mata ta iso gaban teburina da goyo, ta miƙo kati. 188. Ta yi magana da Kanuri, ni kuma Kanurina bai wuce "wushe" ba, tafintanmu yana can wajen mota yana ƙirga buhuna. Da na aika a kira shi, da minti biyu ya ishe mu. Ban aika ba.

Na ce, "Baba, kin riga kin karɓa, ki ba mutane wuri."

Ta ce da 'yar Hausarta, "Ɗana, ni ba karɓa."

Sai na ɗaga murya yadda duk layin zai ji, na ce, "Ki ji tsoron Allah, watan azumi ne!"

Wani yaro ɗan gora ya matso ya sa sandarsa tsakaninta da tebur. Ba ta yi gardama ba. Ta ajiye katin a gabana, ta sunkuya ta ɗauki ɗan dutse ta ɗora a kai don kada iska ta kwashe shi, ta gyara goyonta ta tafi. Na kira na gaba.

Bayan mako uku, an shiga goman ƙarshe, na kai dabino wurin da ake duba yara masu tamowa. Sai ga ta zaune a tabarma, ana zagaya wa hannun yaron wannan ɗan tef mai launi uku. Ya tsaya a ja, wato kaurin damtsensa bai kai santimita sha ɗaya da rabi ba. A gefenta kuma ga wata mata da na gane fuskarta, don ita na ba wa kaso a lamba 41. Wannan karon na nemi tafinta. Garinsu ɗaya, sunansu ɗaya, iyayensu maza suna ɗaya, amma ko dangi ba su haɗa ba. A hanyar gudu suka san juna. Mai lamba 41 ce ta raba kasonta biyu ta ba ta rabi, kason gida ɗaya ya ci da baki goma sha ɗaya.

Ba zan ce jan birona ne ya jefa yaron cikin tamowa ba, tamowa ba ciwon kwana ashirin ba ce. Amma na san abin da na cire daga tukunyar gidan nan. Abin da ya fi ci mini rai ma ba geron ba ne, kalmar da na jefe ta da ita ce. Matar da ta bar gonarta da ɗakinta ta tako a ƙafa, ni da na kwana a katifa nake tuna mata tsoron Allah a bainar jama'a. A daren liman ya karanta Walluha, ya zo kan "wa ammas sa'ila fala tanhar", mai roƙo kada ka yi masa tsawa. Tun ina makarantar allo na wanke wannan sura. Ita kuwa ba ma roƙo ta zo ba, haƙƙinta ta zo karɓa da kati a hannu.

Washegari na sami Shugaba a ofis. Na ce, "Allah gafarta Malam, na yi kuskure, na soke sunan wata baiwar Allah ba bisa ƙa'ida ba. A ba ni izini in kai mata kasonta."

Ya ce, "An rufe lissafi. Rahoto ya tafi, har da hotuna."

Na ce, "Malam, akwai ragowar buhuna a sito."

Ya ce, "Waɗannan da masu su."

Ni ke riƙe da makulli, na san masu su. Ba zan faɗa a nan ba, sai dai ko ɗaya cikinsu bai taɓa kwana a ƙarƙashin tamfol ba. Bayan Sallah aka yi taro, Malam ya yi nasiha mai ratsa jiki a kan amana, ya kawo misalin "wani ɗan'uwa" da gaggawarsa ta zalunci marainiyar Allah. Bai ambaci sunana ba, ya dai yi ta kallona har ya gama. Maganar aljihu kuwa ko da wasa ba ta fito ba. Laifina ne, ban taɓa musu ba, ni na riƙe biron. Amma wanda ya hura wuta bai kamata ya zama shi ne mai wa'azin gobara ba.

Na ci bashin rabin buhun gero na kai mata da kaina, tare da tafinta. Na shirya jawabin neman gafara tun daga gida. Ta saurara har na gama, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, sannan ta yi tambayar da ba ta cikin shirina: an mayar da sunanta cikin littafin? Geron zai ƙare a kwana goma, sunan ne abincin baɗi. Ban mayar ba, don ba a ba ni izini ba. Na koma a daren na rubuta shi a ƙasan shafi, ban gaya wa kowa ba.

Daga nan na ƙara layuka a littafin: ƙauye, sunan bulama (mai unguwa), sunan babban ɗa ko 'ya. Na kuma kafa wa kaina cewa ba na soke suna sai na ga mutanen biyu tsaye a gabana, tafinta a gefena. Yana cin lokaci, an sha yi mini gorin nawa. Daga wannan shekarar har na ajiye aiki ba a sake korar mai haƙƙi daga teburina ba. Na ji an gabatar wa masu ba da tallafi wannan tsari a matsayin "sabon salon da shugabanci ya ɓullo da shi". To, madalla.

Sauran kuwa gajeru ne. Kada ka ce wa mai yunwa "gobe" sai kayan suna cikin sito. Kada ka ɗauki hoton mace tana karɓar sadaka ba ka tambaye ta ba, wata mijin da ta gudo wa yana daji kuma yana da waya. A sa mace a tebur, wannan daga 'yan agajin cocin EYN masu kula da mutanen Gwoza na gani, kuma sun riga mu gaskiya. In aiki ya kai ka Damaturu, ka baro da wuri kafin a rufe hanya, kisan da aka yi wa matafiyan da dare ya riska a Auno a Fabrairun 2020 ya ishi kowa. Kada ka yarda a ɗora maka biyan asara daga aljihunka, ko da malaminka ne ya faɗa, ka ce a'a cikin ladabi tun a ranar. Sa'ad da gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin cikin gari a 2021, mutane suka watse, wasu suka koma garuruwansu, wasu suka shige unguwanni. Sunan bulaman nan da ake yi mini dariya a kai, da shi muka gano da yawa daga cikinsu.

Ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta 10 ga Satumba 2024 ta shiga sitonmu, littattafan shekara da shekaru suka zama kunu. Na 2017 ne kaɗai ya tsira, don tun tuni yana gidana a ƙasan akwati, da katin 188 a tsakiyarsa. Bai cikin kayan da na miƙa ranar Asabar. In Malam yana buƙatarsa, ya aiko.