Tsawon Bututun Libarba da Gudun Harsashi

A libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai ganga mai juyawa, bututu kaɗai ake aunawa, ban da gangar da harsasai ke zama a ciki. Tsakanin gangar da bututun akwai 'yar tazara, yawanci inci 0.004 zuwa 0.008, kuma ta nan wani ɓangaren iskar albarushi ke tserewa. Tazarar kan bambanta daga bindiga zuwa bindiga, shi ya sa libarba biyu masu bututu inci 4 kan ba da gudu daban da harsashi iri ɗaya.

Ɗauki nau'in harsashi .357 Magnum, wanda kamfanin Smith & Wesson ya fito da shi a Amurka a 1935. Harsashi mai nauyin giren 125 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne) kan yi kusan ƙafa 1,450 a daƙiƙa daga bututu inci 4. A inci 2 gudun kan faɗi sosai, sai ƙara da walƙiya su yawaita.

Ga inda masu cika harsashi da hannu ke yin kuskure: ƙara albarushi don cike giɓin gudu da gajeren bututu ke jawowa. Matsin iskar albarushi yana kai ƙololuwa tun harsashi bai yi nisa ba, don haka iyakar da littafin awon albarushi ya gindaya ba ta sauyawa da tsawon bututu. Rage albarushin barkatai ma haɗari ne, musamman mai jinkirin ci irin H110. Harsashi kan maƙale a dogon bututu, na biyu ya tarar da shi. In ka ji ƙarar ta yi rauni, dakata ka leƙa bututun bayan ka zazzage gangar. A ganina na'urar auna gudu, a ajiye ta ƙafa 10 daga bakin bututu, ta fi duk wani kirdado.