Ruwan farko ya sauka Tudun Wada

Laraba, ƙarshen Afrilu

Daren jiya ban runtsa ba. Tun magariba aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, ɗaki ya koma tanda. Muka jawo katifa tsakar gida, sauro kuwa ya ce da wa Allah ya haɗa shi in ba mu ba. Auta ya tashi wuyansa fal ƙurajen zafi, na bulbula masa hoda. Ruwan randa ma da nake ji da shi yau ɗumi ya yi.

Bayan azahar na kira Hajiya a Sakkwato.

"Hajiya, ina wuni? Ya zafi?"

"Ke dai bari, 'yar nan. Mu ko gajimare ba mu gani ba."

Wai ma'aunin zafi kullum sai ya haura 40, bango ma ba ya jinginuwa. Ina ajiye waya sai ga hoto daga Yaya a Fatakwal, ya naɗe ƙafar wando yana ratsa ruwa a bakin shagonsa, har da ƙorafin kaya ba sa bushewa. Na ce ikon Allah, ƙasa ɗaya, yini ɗaya.

Malaminmu na sakandare na tuna, da alli yana zana mana iska biyu a allo. Ɗaya busasshiya daga Sahara, mai kawo hunturu, ɗaya mai damshi daga tekun Atlantika. Mai damshin ce ke turo ɗayar arewa sannu a hankali, shi ya sa bakin teku ke samun ruwa tun Maris, mu Kaduna Afrilu zuwa Mayu, su Sakkwato da Maiduguri sai wajen Yuni. Abin da ke ba ni tausayi, su ne na ƙarshen samu, kuma su damina ke fara yi wa sallama.

La'asar sakaliya gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi, sai kuma guguwa ta taso da jar ƙura da ledoji. Na ruga kwashe shanya, ɗankwalina guda ya tsallake katanga, har yanzu ban je biko ba. Mangwaro na ta faɗowa tim-tim a kan kwano, yara na rububi ina daka musu tsawa. Sai ta gaske ta faɗi, kowa ya shige ɗaki da salati.

Ruwan bai fi rabin awa ba, amma ya cika baho da bokiti biyu, duk da na farkon jajir yake da dauɗar rufi, sai zubarwa na yi. Kwano ɗaya na maƙwabta ya ɗage. Ƙamshin ƙasar nan kuwa har cikin hanci.

Ban gaya wa Hajiya an yi mana ruwa ba tukuna. Wuta dai shiru, kuma yau da bargo Auta ya ce zai kwana.