Fatar Daji, Halin Gida: Yadda Nake Kiwon Kyanwar Bengal a Ingila

Sana'ata kiwon kyanwa ce, kuma ina alfahari da ita. A tsakiyar Ingila nake zaune da maigidana da yara, a bayan gida muka gina wa kyanwoyin ɗakunansu, muna da lasisin ƙaramar hukuma, kuma iri ɗaya tak nake kiwo, wato Bengal. Duk Bahaushen da ya kawo mana ziyara ya ga ɗaya ta miƙe a kan kujera, sai ya ja da baya ya ce, "Hajiya, wannan ba 'yar damisa ba ce?" Ba damisa ba ce. Amma mai tambayar bai yi nisa da gaskiya ba, domin akwai jinin daji a jikinta. Duk wahalar aikin nan a kan wannan jinin take: a riƙe kyan fatar daji, a kuma fitar da halin da ƙaramin yaro zai ɗauke ta ya rungume ba fargaba.

Asalinta wata ƙaramar kyanwar daji ce ta nahiyar Asiya, ana samunta daga Indiya har China da Indonesiya. Girmanta bai wuce na kyanwar gida ba, jikinta roɗi-roɗi, ga ta da gudun mutane, ba ta sabo. Wata Ba'amurkiya mai suna Jean Mill ta haɗa ta da baƙin muzurun gida a 1963. Ta ajiye aikin na wasu shekaru, daga baya ta dawo ta karɓi wasu matan ruwa-biyu daga hannun Dakta Willard Centerwall na Jami'ar Loma Linda a Kalifoniya, wanda yake binciken abin da ke kare na dajin daga sankarar jini ta kyanwoyi. Ta kuma ɗauko wani muzurun gida mai ɗigo-ɗigo daga gidan namun daji na Delhi, ta sa masa suna Millwood Tory of Delhi. Masu kiwo da shi suke danganta ƙyallin nan ruwan zinariya da ake gani a gashin Bengal idan rana ta haska shi. TICA, ƙungiyar rajistar kyanwoyi ta ƙasa da ƙasa, ta ba irin damar shiga gasar zakarun kyanwoyi a 1991, takwararta GCCF ta nan Ingila ta amince da shi a 1997, ita kuwa ƙungiyar CFA ta Amurka sai a 2016 ta buɗe masa ƙofa, saboda ta daɗe tana ƙin duk wata kyanwa mai jinin daji.

Ga abin da masu saye da yawa ba su sani ba. 'Ya'yan farko na haɗin daji da gida su ake kira F1, jikoki F2, tattaɓa-kunne F3. Mazan waɗannan matakai galibi ba sa haihuwa, da matan ake ci gaba da zuri'a. Sai an kai mataki na huɗu zuwa sama, Bengal na haifar Bengal, sannan TICA take rubuta SBT, wato alamar cikakken iri, a takardar kyanwar, kuma irin wannan kaɗai ake kai wa gasar zakaru. A dokar Birtaniya ta namun daji masu haɗari ta 1976, mai riƙe F1 sai da lasisi na musamman. Ni duk nawa SBT ne, kuma kowacce tana da takardar salsala da za ka bi ka ga iyaye da kakanni da sunan gidan da aka haife su.

Ba da rana tsaka na faɗa harkar ba. Tun ina yarinya a Katsina kakata tana da wata mage da ke tsaron ɗakin hatsi, ba mai taɓa ta, ita kaɗai ke da izinin kwana a kan buzun sallarta. A wurinta na fara jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Da aure ya kawo ni ƙasar nan, kaɗaici ya sa na nemi kyanwa, neman ya kai ni gidan wata dattijuwar Baturiya da ta fara kiwon Bengal tun farkon shigowarsu Ingila. Ita ce ta zama uwar ɗakina a sana'ar. Ba ta sayar mini da mace mai haihuwa nan take ba. Sai da na daɗe ina zuwa ina wanke kwanonin abinci, ina kwashe yashin bayan gida, ina riƙe mata fitila idan haihuwa ta zo da tsakar dare. A hannunta na koyi tsinke cibiya idan uwa ta gaji, da share hancin jariri da tsumma mai ɗumi har ya yi kukan farko, da ɗora kowane ɗa a kan sikelin kicin kullum a rubuta nauyinsa a littafi. Jariri lafiyayye yakan zo da giram 90 zuwa 100 ko kusa da haka, ya riƙa ƙara wajen giram 10 a rana. Ranar da ka ga nauyi ya tsaya, ba jira ake yi ba, kwalbar madara ake ɗaukowa. Kafin na fara sayarwa kuma sai da na tambayi malamai, domin akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim game da kuɗin kyanwa, suka nuna mini cewa mafi yawan malamai sun halatta sayar da wadda ake amfana da ita.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne karanta fata. Yadda gogaggiyar mace ke ɗaukar shadda a Kantin Kwari ta fita da ita hasken rana, ta murza, ta gane ta ƙwarai da ta bogi, haka ake yi wa gashin Bengal. Na ƙwarai gajere ne, ya kwanta luf a jiki, santsinsa sai ka shafa za ka yarda. Ɗigon da ake nema mai launi biyu ne, tsakiya ja-ja, gefe baƙi ya zagaye shi, wani ya rufe ruf, wani ya tsaya da siffar kan kibiya. Tilas ɗigon ya bi tsawon jiki daga kafaɗa zuwa cinya. Idan ya haɗe ya zama layi yana gangarowa ta haƙarƙari, jinin kyanwar gida ne ya rinjaya, alƙalin gasa zai rage maki. Sai ka juya ta ka duba ciki, ya zama da haske kuma da ɗigo. Kunne ƙarami mai faɗin gindi, wutsiya mai kauri, bakin wutsiyar ya yi duhu, ƙafafun baya su ɗan ɗara na gaba tsawo.

Wahalar ita ce, daga wajen sati uku zuwa huɗu 'ya'yan sukan yi wani gashi buzu-buzu mai toka-toka da ke rufe zanen gaba ɗaya, sai sun yi watanni yake washewa. Wanda bai san aikin ba, idan ya ga ɗan kyanwa a wannan lokacin sai ya raina shi. Ni tun ranar haihuwa, jikinsu na jiƙe, nake duba zanen in ɗauki hoto, domin a ranar ake ganinsa tas. Masu farin launi da shuɗin ido kuwa kusan fari fat ake haifarsu, ɗigon sai a hankali yake fitowa, dole ka san abin da uwa da uba suke bayarwa kafin ka yi wa wani alkawari.

Kyan fata gado ne, amma hali da hannu ake gina shi. Daga sati biyu zuwa bakwai ne ɗan kyanwa ke koyon yarda da mutum, idan wannan lokacin ya wuce a keji a bayan gida, gyara sai an sha wuya. Shi ya sa duk haihuwa a cikin gida nake yin ta. A falo suke tasowa, suna jin ƙarar injin shara da hayaniyar yara da ƙamshin girki. Kullum sai na ɗauki kowane, na juya shi rigingine, na buɗe baki, na taɓa kunne, na matsa yatsu farce ya fito. Ranar da alƙali ko likitan dabbobi zai yi masa haka, ba baƙon abu ba ne a wurinsa.

A nan ne raina yake ɓaci da masu sayar da jabu. Mutum zai samo muzuru mai ɗan ɗigo, ya haɗa shi da kowace irin mage, ya sa hoto a intanet ya rubuta Bengal, ba takarda, ba allura, ba gwaji. Wasu hotunan kyanwoyina suke sata a Facebook, su karɓi kafin alƙalami a hannun bayin Allah su ɓace. Ni kuwa duk uwa da uba da ke gidana sai an yi musu gwajin ƙwayar halitta na cututtuka biyu da ke bin irin: PRA-b mai cinye gani har ta makantar, da PK mai jawo ƙarancin jini. Ciwon kaurin tsokar zuciya ba a gane shi da ido, sai likitan zuciya ya ɗora na'ura ya duba, kuma ana maimaitawa, ba sau ɗaya ba ne. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa mini da ɗan kyanwa a kwali, a wurin ajiye motoci aka miƙa mata shi, bai kai sati takwas ba, gudawa ta tsotse shi. Ta ce, "Anti, ki taimaka, mai shi ya kashe waya." Mun kai shi asibiti ya rayu, amma abin da ta kashe ya haura ragin da ta samu. Dokar Ingila ta hana sayar da ɗan kyanwa ƙasa da sati takwas, kuma tun Afrilun 2020 ta hana dillali sayar da wanda bai kai wata shida ba, sai dai ka saya a hannun wanda ya yi kiwonsa.

Gasa ita ce wurin da ake auna aikin mutum, kuma tsohuwar al'ada ce a nan, tun wadda Harrison Weir ya shirya a Crystal Palace a Landan a 1871. A gasar GCCF likita ne ke fara duba kowace kyanwa a bakin ƙofa, a sa ta a keji da farin bargo ba wata alamar mai ita, sannan a fitar da mu daga zauren, alƙalai su bi keji-keji. Na fi jin daɗin tsarin TICA, inda kana zaune kana kallo. Ana kiran lamba, ka kai kyanwarka, alƙali ya ɗauko ta ya ɗora a tebur, ya miƙar da ita ya ji nauyin tsoka, ya shafa gashin baya, ya kaɗa mata gashin tsuntsu a sanda don ya ga yadda take ɗaga kai. Ƙa'idar irin ta yarda kyanwa ta ji tsoro ko ta yi kuka, amma idan ta nuna za ta kai hari, an fitar da ita ke nan. Ranar da wata macen da aka haifa a hannuna ta tsaya a kan teburin nan ta kai wa gashin tsuntsun cafka, ta juyo ta goga kanta a hannun alƙalin, aka kira lambarta cikin goman ƙarshe, na yi hamdala a fili. Uwar ɗakina na gefena, ta matse mini hannu.

Akan tambaye ni Savannah, wadda aka samo daga haɗin kyanwar gida da sabal, kyanwar dajin Afirka mai dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa. An haifi ta farko a Amurka a 1986, TICA ta ba ta damar gasar zakaru a 2012, Ostareliya kuwa ta hana shigo da ita tun 2008. Sabal tana cikin dazuzzukanmu na Afirka ta Yamma, har wani daga gida ya taɓa yi mini waya wai zai sa mafarauta su kamo mini ɗaya. Na ce masa a'a. Dabbar tana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke taƙaita cinikin namun daji, haɗin farko kuma akwai cutarwa a cikinsa, domin cikin sabal ya fi na kyanwar gida daɗewa da kimanin kwana goma, 'ya'yan sukan zo ba su ƙosa ba. Ta daji a bar ta a dajinta. Abin da aka riga aka samu a Bengal ya ishi mai son aiki ya yi ta gyarawa.

Ba na ɓoye wa mai saye halinta. Bengal ba kyanwar Lami ba ce. Tana hawa saman firji, tana buɗe ƙofa, tana wasa da ruwan famfo, ga surutu. Wanda ke fita tun asuba sai dare, ko dai ya ɗauki biyu ko ya haƙura.

Masu tayi kuma ba sa ƙarewa. "Haba Hajiya, kyanwa ce fa, a gida kyauta ake ba mu. Na saya rabi." Nakan ce albarka, in nuna masa takardun gwaji, in ya so ya je ya yi shawara. Ɗan kyanwata ba ya barin gida sai ya cika sati 13, ya gama allurar rigakafi biyu, an yi masa aikin hana haihuwa, an sa masa ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, wadda ta zama tilas a Ingila tun 10 ga Yunin 2024. Zai tafi da takardar salsala, da abincin da ya saba, da bargon da ke da ƙamshin uwarsa. Mai so sai ya zo da kansa ya ga uwar, mu zauna in ji irin gidan da za a kai shi, sannan in rubuta sunansa a layin masu jira. A yarjejeniyar da muke sa wa hannu akwai sharaɗin cewa duk ranar da riƙo ya gagara, ko bayan shekara nawa ne, gidana za a dawo da ita.