Mako Na Bakwai: Na Cire Jel Daga Yatsu Goma Ba Tabo

'Yan'uwana masu koyo, barkanmu da war haka. Yau makona bakwai da fara koyon gyaran farce, kuma sai a wannan makon Allah ya nufa na cire jel, wato jan farcen da ake ƙamewa da fitila, daga yatsu goma ban bar farin tabo ko ɗaya ba.

A mako na uku ne na yi ɓarnar da ta sa na dage. A hannun ƙanwata nake gwaji. Na sa mata jel a kwanakin da ba ta salla, ranar da za ta yi wanka sai ga ta bayan la'asar a gaggauce: "Yaya, don Allah ki cire min kafin magariba." Kun dai san jel ba ya barin ruwa ya kai ga farce, dole ya fita tas kafin wanka da alwala. Na jiƙa auduga da asiton, ruwan sinadarin da ake cire jel da shi, na naɗe mata yatsu da takardar foyil, minti biyar na kwance. Gefe-gefe ya ɗaga, tsakiya na nan daram. Da na ga rana na shirin faɗuwa sai na ɗauki ƙarfen tura fatar farce na hau kankara. Jel ya fita, amma farcen babban yatsanta ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, in ta danna shi sai ya lotsa. Da daddare ta ce ko ruwan ɗumi ta taɓa sai ta ji shi har cikin nama. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

Daga baya na fahimci abin da na yi. Farce sinadarin keratin ne, irin na gashi, an jera shi hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Jel kuwa da zarar fitilar UV ko LED ta ƙame shi, ya riƙe hawan sama gam. In kika ɓamɓare shi da ƙarfi, da wannan hawan yake tafiya. Kuma farce ba ya warkewa irin na fata, sai dai sabo ya tsiro daga tushe ya turo tsohon gaba. Na hannu kamar milimita 3 yake ƙaruwa a wata, kafin ya sabunta gaba ɗaya sai an yi kusan wata 6. Kullum ina duba yatsan nata. A wata guda tabon bai matsa fiye da rabin ƙwayar shinkafa ba.

Ga yadda na yi wannan karon. Na ɗauki magogin farce mai lambar kaushi 180 na goge ƙyallin saman kawai, har ya dushe. Wannan ƙyallin shi ne ke hana asiton shiga. Da na ga garin da ke zuba ya fara ɗaukar launin jel ɗin sai na tsaya, don ƙasa da nan farcen mutum ne. Na zagaye fatar kowane farce da basilin, na yanka auduga daidai faɗin farcen, ba dunƙulen da zai jiƙa yatsa duka ba. Asiton tsantsa na sa. Ruwan goge jan farce na yau da kullum ba ya iya wa jel.

Babban kuskurena na baya ashe ba ƙarancin minti ba ne kaɗai. Asiton a digiri 56 yake tafasa, shi ya sa yake bin iska nan take. A zafin Kano, ga fanka na kaɗawa a kanmu, audugar ta bushe tun kafin ta yi aiki. Yanzu kashe fanka nake yi in buɗe taga. Na kuma bar takardar foyil na koma ledar naɗe abinci mai mannewa, wadda ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ma ita take ba da shawarar a yi amfani da ita, don ta fi rufewa ruf. Hannu ɗaya nake fara gamawa kafin in taɓa ɗayan.

Minti goma cif na bari. Da na zare ledar ɗan yatsa, jel ɗin ya tattare ya yi yamutsa-yamutsa kamar fentin tsohon bango, na sa tsinken katako na ture shi a hankali ya zube. Yatsu biyu sun ƙi. Ban matsa musu ba, na sake jiƙa auduga na mayar da leda na ƙara minti biyar, sai ga shi sun saki da kansu.

Don Allah ku kula da wuta. Asiton kamar fetur yake kamawa. Kaskon turaren wuta, risho, gas, duk a nisanta su kafin a buɗe kwalbar.

Bayan an wanke hannu da sabulu mara ƙarfi za ku ga farcen ya yi fari, kada hankalinku ya tashi. In bushewar asiton ce, kina shafa mai take ɓacewa. In ɓarna ce, farin na nan ko an shafa. Na ƙanwata duk ya washe, sai tsohon tabon nan. Na ce ta riƙa shafa basilin a gindin faratan kullum har kwana bakwai, da daddare ta bi da man kaɗe, musamman da hunturu ke tafe.

Ni dai a ganina, wadda kwana biyar ko bakwai kawai gare ta, gara ta sa jan farce na gama-gari ko ta ƙunsa lalle. Jel an yi shi ne ya kai mako biyu zuwa uku, jiƙa farce da asiton duk wata saboda ado na 'yan kwanaki bai kamata ba.

Akwai kuma jel mai tauri da ake ƙara tsawon farce da shi, wanda asiton ba ya narkarwa, sai dai a goge shi. Malamarmu ta ce mako mai zuwa za ta nuna mana shi, ni kuwa ba zan taɓa hannun kowa da shi ba sai tana tsaye a kaina.